INJIN AWON JINI MA YANA BUKATAR MAKIYAYI

A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke zagayen bin sawun ciwon sanƙarau a Jihar Zamfara, suka lura cewa yara ƙanana suna mutuwa fiye da kima a waɗansu ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga ta kama shi, ya suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba su na sanƙarau, ciwo bai ji ba. Sai da aka ɗebi jinin waɗansunsu aka aika da shi Turai aka auna, sa'an nan aka gane cewa gubar dalma ce, wadda ke fitowa daga duwatsun zinariya da ake dakawa a turmi, ake kuma niƙawa a injin niƙan hatsi, a cikin gidajen da yara ke rarrafe. An ƙiyasta cewa yara kimanin 400 ne suka rasu. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta yi tare da jami'an lafiya na ƙasar nan a ƙauyuka biyu kawai ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda.

Ido ba ya ganin dalma a jini, ba ya kuma ganinta a ƙasar tsakar gida. Likita, komai gwanintarsa, ba zai dubi yaro ya faɗi yawan dalmar da ke jikinsa ba. Saboda haka duk shawarar da aka yanke a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da Tungar Guru, da kuma Bagega daga baya, ta rataya ne a kan lambar da wani ɗan inji ya nuna. Shi ya faɗi yaron da za a kwantar a asibiti, shi ya faɗi gidan da za a kwashe ƙasarsa. A shekarar 2022 MSF ta miƙa wannan aiki ga Gwamnatin Jihar Zamfara, a watan Disamba na 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage hanin haƙar ma'adinai da ta sa a jihar tun watan Afrilu na 2019. Ke nan nauyin awo ya dawo wuyanmu. Ra'ayinmu shi ne, Hukumar da ta sayi injin awo ba ta tanadi mai saita shi da mai kula da shi ba, ta yi rabin aiki ne, kuma rabin da ta bari shi ne mai haɗari.

YADDA INJUNAN SUKE AIKI

Iri biyu ne suka fi yin tasiri a aikin Zamfara. Na farko shi ne na awon jini mai suna LeadCare II, wanda mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya, yana kuma aiki da batir. Ana ɗiban ɗigon jini a ɗan siririn bututu, a zuba shi a kwalba mai ruwan sinadari wanda ke fasa ƙwayoyin jinin ya saki dalmar da ke ciki, sa'an nan a ɗiga a kan wani ɗan falle da aka cusa a bakin injin. Injin yana tura wutar lantarki kaɗan ta jawo dalmar ta manne a fallen, ya sake juya wutar ta kaɓe ta, ya auna yawan wutar da ta gudana, ya mayar da ita lamba. Cikin minti uku an gama. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne maikurogiram a kowace desilita ta jini, kuma yaron da ya kai 45 shi ne ake sa wa maganin nan mai suna DMSA, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari.

Na biyu shi ne na awon ƙasa, wanda ake kira XRF. Kamannin ƙaramar bindiga gare shi. Ana ɗora bakinsa a ƙasa, ya harba haske irin na hoton ƙashi, kowane ƙarfe da ke wurin ya mayar da nasa hasken, injin ya tantance ya lissafta. Da shi ma'aikatan kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da na Ma'aikatar Muhalli ta jiha suka bi gida gida. A lokacin, iyakar da Amurka ta sa wa ƙasar da yara ke wasa a kanta ita ce kashi 400 cikin miliyan, amma an sami wuraren da awo ya haura 100,000. Dareta da 'Yargalma aka fara sharewa a tsakiyar 2010, sa'an nan Tungar Guru da sauran ƙauyuka huɗu daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011, Bagega kuwa sai a 2013, bayan an daɗe ana jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya. Injunan nan biyu tafiyarsu ɗaya. Idan aka ba yaro magani aka mayar da shi gidan da ba a share ba, aikin banza aka yi, domin zai sake haɗiyar ƙurar. Lambar awon ƙasa ita ce iznin fara magani.

A cikin kowane irin wannan inji akwai wani ɗan allon lantarki wanda shi ne shugabansa. Shi ke ba da umurnin a saki wuta kaza na daƙiƙa kaza, shi ke sauraron abin da ma'aunan zafi da na haske suka faɗa, shi ke yin lissafi. Amma fa bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. Kowane kwalin fallayen LeadCare II yana zuwa da ɗan maɓallinsa na saiti, wanda za a taɓa a jikin injin domin ya san halin wannan rukuni na fallaye. Idan aka buɗe sabon kwali aka manta da wannan, aka bar injin a kan saitin tsohon kwali, zai ci gaba da ba da lamba, ba zai yi gardama ba. Haka kuma masu ƙera shi sun ƙayyade cewa ya yi aiki ne tsakanin digiri 12 da 36 na ma'aunin zafi. Duk wanda ya yi bazara a Anka ko Gummi, a ɗaki mai rufin kwano, ya san cewa zafin watan Afrilu yakan wuce 40.

INJIN DA YA KAUCE BA YA KUKA

Iyayenmu da suka sayar da gyaɗa da auduga a zamanin sikeli sun san wannan magana sarai. Sikelin da ya karye kowa zai gani, a ajiye shi a nemo wani. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya kauce da ɗan kaɗan, yana ta awo, manomi yana ta asara bai sani ba. Don haka ne ake ajiye duwatsun awo waɗanda aka san nauyinsu, a ɗora a gani ko allura ta tsaya inda ya kamata. Injin awon jini ma haka ne. Kowane kwali yana zuwa da ruwan gwaji kala biyu, mai dalma kaɗan da mai dalma da yawa, waɗanda aka rubuta iyakar lambar da ya kamata su nuna. Idan injin ya nuna lambar da ta fita daga iyakar, ba a yarda da awon da zai yi wa yaro ba.

Abubuwa biyu da suka faru sun isa su zama darasi. Na farko a nan gida ne. Injin LeadCare II yana karanta daga 3.3 zuwa 65 ne kawai, abin da ya haura wannan sai ya nuna cewa ya yi sama, ba lamba. Jinin yara da yawa a ƙauyukan nan ya zarce 65 nesa, ga shi kuwa likita yana bukatar sanin ko ciwo yana raguwa bayan magani. Sai masana suka fito da dabarar tsarma samfurin da gwargwado sananne, a auna, a ninka lambar, suka kuma gwada sakamakon da na babban ɗakin gwaje-gwajen CDC da ke Atlanta don su tabbata dabarar ba ta kauce ba. Wannan aikin mutanen da suka san cikin injinsu ne, suka san iyakarsa.

Na biyu a Amurka ya faru. A watan Mayu na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi cewa injunan LeadCare suna iya nuna lambar da ta gaza ta gaskiya idan aka yi amfani da jinin da aka zuƙo daga jijiya. Daga baya aka danganta abin da wani sinadari da ke cikin robar murfin waɗansu kwalaben ɗiban jini. A shekarar 2021 kuma aka janye rukunoni masu yawa na kayan awon daga kasuwa saboda irin wannan tsoro. To, idan a ƙasar da aka ƙera injin, inda wuta ba ta ɗaukewa, irin wannan za ta faru, ina ga asibitin da ke ƙarshen hanyar Bukkuyum? Wa zai karanta takardar gargaɗin idan ta fito? Wa zai duba lambar kwalin da ke sito ya gani ko yana cikin waɗanda aka janye? Bari mu yi misali. Yaron da jininsa ya kai 50, injin ya nuna 40, za a ce wa uwarsa ta koma gida, kuma ba wanda zai san an yi kuskure, domin dalma ba kullum take kisa nan take ba. Takan taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, sai an sa yaro makaranta a ga ba ya fahimta. Da muguwar rawa, in ji Hausawa, gara ƙin tashi.

Kada kuma a ɗauka cewa maganar ta tsaya ga dalma. Akwai injin GeneXpert na gano tarin fuka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a watan Disamba na 2010, aka kuma rarraba shi a asibitoci da yawa na ƙasar nan. Shi ne cikakken misalin ɗakin gwaje-gwaje mai sarrafa kansa. Ma'aikaci zai zuba majina a ɗan akwatin roba, ya nuna wa kwamfuta lambarsa, ya rufe ƙofa. Daga nan allon lantarki ne ke juya famfo, ya tura ruwa daga wannan rami zuwa wancan, ya fasa ƙwayoyin cuta da girgiza, ya ɗumama ya sanyaya sau da yawa a jere, ya karanta haske, cikin ƙasa da awa biyu ya ba da amsa. Sharuɗɗansa kuwa sanannu ne: zafin ɗaki kada ya wuce digiri 30, wuta kada ta yanke a tsakiyar aiki, a riƙa share matatar iskarsa saboda ƙura, a kuma duba saitin kowane sashe nasa sau ɗaya a shekara. Zafin bazara, ƙurar hunturu da wutar da ke hawa da sauka, su ukun nan duk muna da su.

HALINMU DA KAYAN HUKUMA

Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin yadda abin yake tafiya. Ana ba da kwangilar sayen inji, a kawo shi da biki, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Littafin bayaninsa ya shiga aljihun teburin wani, maɓallin saitinsa ya ɓace cikin kwalaye, wanda aka koya wa aikinsa na kwana uku a yi masa canjin wurin aiki. Ranar da fis na 'yan kuɗi kaɗan ya ƙone, sai a rubuta takarda zuwa hedikwata, takarda ta kwana a fayil, injin ya kwana a ƙarƙashin ƙyalle, har a kai ga rubuta takardar neman sabo. Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka buga a 2011 ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na kayan aikin asibiti a ƙasashe masu tasowa ba sa aiki, kuma daga cikin manyan dalilan akwai rashin horo da rashin tsarin kulawa. Amma ciwon da ya zama na kowa bai zama lafiya ba.

Asalin matsalar yana cikin kasafin kuɗi. Sayen inji yana shiga babin manyan ayyuka, inda ake samun suna. Batir da ruwan gwaji da man janareto da kuɗin motar makaniki suna shiga babin kashewar yau da kullum, wanda shi ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci. Mai sayen doki kuwa ya san cewa kuɗin saye sau ɗaya ne, harawa da dawa kullum ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da farko, kada a sa hannu a kwangilar sayen injin gwaji sai an rubuta a ciki wanda zai kafa shi ya saita shi, da shekarun da mai sayarwa zai yi yana zuwa dubawa, da kayan gyaran da zai bari, da mutum nawa zai horar. A riƙe wani kaso na kuɗin sai an gwada injin da samfurin da aka san amsarsa, shugaban ɗakin gwaje-gwaje ya sa hannu.

Na biyu, a shirya ɗaki kafin inji ya iso. Wayar lantarki mai kyau wadda aka binne mata ƙarfe a ƙasa, na'urar daidaita ƙarfin wuta, batirin da zai riƙe aiki idan wuta ta yanke, faifan sola inda layin wuta bai da tabbas, abin sanyaya ɗaki, taga mai hana ƙura, da ma'aunin zafi a bango wanda za a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da rana. A ɗakin awon dalma kuma tsabta wajibi ce ta musamman, domin ƙurar da ke hannun yaro ko a kan tebur tana iya shiga jinin ta ɗaga lambar.

Na uku, kowane inji ya sami littafinsa, a ɗaure kusa da shi. A ciki a rubuta ranar da aka kafa shi, lambar kowane kwalin kayan awo da ranar lalacewarsa, abin da ruwan gwaji ya nuna, duk wata alamar kuskure da ta fito a fuskarsa, da sunan wanda ya taɓa saitinsa. Kwamfutar da ke tafiyar da inji kuwa ta zama tasa shi kaɗai. Kada a buga wasiƙun ofis da ita, kada a cusa mata wayar kowa don caji.

Na huɗu, a riƙa ware waɗansu samfurori lokaci lokaci ana aikawa da su babban ɗakin gwaje-gwaje mai injin da ya fi ƙarfi, a gwada amsar can da ta nan. Ta wannan hanya ce kaɗai ake kama irin kuskuren da ruwan gwaji bai nuna ba. Hukumar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti ta ƙasa, wadda dokar 2003 ta kafa, tana da hurumin duba ɗakunan gwaji, ya kamata jiha ta riƙa gayyatarta da kanta.

Na biyar, kuma mafi girma, a samar da mutane. Jihar tana da Jami'ar Tarayya a Gusau, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara. Daga cikin ɗaliban da ke karatun lantarki a waɗannan makarantu a zaɓi waɗansu, musamman 'yan asalin Anka da Bukkuyum da Gummi, a ba su horo na musamman kan kayan asibiti, a ɗauke su aiki da matakin albashi mai daraja, a ba su akwatin kayan aiki. Halin da hanyoyin yankin suka shiga saboda 'yan bindiga ya ƙara ƙarfin wannan hujja, domin injiniyan da zai taso daga Legas ko Abuja ba lalle ne ya yarda ya zo ba, ɗan gari kuwa yana nan. A kuma ba ma'aikacin ɗakin gwaji iko a rubuce na ya tsayar da inji idan ruwan gwaji ya nuna ya kauce, ba tare da tsoron fushin na sama ba.

Mai yiwuwa wani ya ce jihar da ke fama da rashin tsaro da biyan albashi ina ta ga kuɗin wannan duka. Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce, mafi yawan abin da muka lissafta, kamar littafi da sharaɗin kwangila da barin wanda aka horar a wurinsa, tsari yake bukata fiye da kuɗi. Sauran kuwa, in aka gwada shi da kuɗin sayen sabon inji duk bayan 'yan shekaru, ko da kuɗin kwashe ƙasar gari guda kamar yadda aka yi a Bagega, ƙarami ne. Wani kuma zai ce ai annobar ta wuce. To, a 2015 irinta ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Muddin akwai zinariya a dutse da talauci a gida, za a ci gaba da daka. Ban da haka, iyakar da masana ke ɗauka abin damuwa sai ƙara sauka take yi: CDC ta sauko daga 10 zuwa 5 a 2012, ta kuma sauko zuwa 3.5 a 2021. Awon ƙaramar lamba ya fi bukatar inji mai daidaitaccen saiti.

Ga ɗalibanmu kuma muna da 'yar magana. Kowa yana son a kira shi likita ko babban injiniya, ana ganin mai riƙe da sukundireba kamar ƙaramin ma'aikaci. Alhali hukuncin likita yana tsaye ne a kan aikin wanda ya tabbatar da cewa lambar da ke kan takarda gaskiya ce. Fage ne da bai cika ba, kuma asibitocinmu sai ƙara cika suke yi da injuna.

Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya da ta Muhalli ta Jihar Zamfara, da shugabannin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi, su sa a ƙirga injunan gwajin da ke hannunsu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mai aiki da maras aiki da ranar da aka duba saitin kowanne, a kuma buɗe wa kula da su layi na musamman a kasafin kuɗi mai zuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya kare na baya.